Ƙaramar bindigar aljihu ba ta ɗan koyo ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina fata kana lafiya da kai da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Don Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana cin raina, musamman saboda 'yan uwanmu mazauna nan Amurka da na san suna bin jaridar nan a waya. Tun farko bari in faɗa, zancen nan na Amurka ne da dokokinta, wanda yake wata ƙasa to dokar ƙasarsa ce a kansa, kar wani ya karanta gobe yace ai wane ne yace.

Abin da ya tayar da maganar shine a 'yan makonnin nan mutum uku daban daban suka kirani kuma tambayar tasu guda ce, wai wace ƙaramar bindiga zasu saya wadda zata shige aljihu ba wanda zai gani, kuma wane harsashi ne yafi. Ɗaya direban haya ne da ke kwana a kan titi, ɗaya yana aikin dare a shagon gidan mai, na ukun kuwa matarsa yake son ya saya wa. Dukkansu abin da ke ransu ɗaya ne, tunda ƙarama ce ai zata yi sauƙin sarrafawa, kamar dai yadda ƙaramar mota tafi babba sauƙin tuƙi ga ɗan koyo. To wallahi a bindiga abin juye yake, kuma ni da hannuna na koyi wannan darasi.

Ranar da na fara zuwa filin koyon harbi da tawa, ƙaramar fistol ce mai cin harsashin da ake kira .380 wadda in na ɗorata a tafin hannu sai ka rantse abin wasan yara ne, na tsaya a layi na sa abin toshe kunne, aka tura min takarda nisan yadi 7 kacal. Na ja kunama sai naji kamar an ɗauko sanda an tsula min a tsakanin babban yatsa da manuni, bakin bindigar yayi sama, ƙaramin yatsana yana lilo a iska saboda ƙotar bata kai ya samu wurin zama ba. Harsashi 6 na harba na jawo takardar na duba, biyu ne suka shiga da'irar, sauran suna can ƙasa ta hagu. Kafin in gama kwali ɗaya mai 50 fatar hannuna ta yi ja kuma na fara runtse ido tun kafin ƙarar ta fita. Wani dattijo da ke layin kusa dani yana kallona bai ce komai ba, can sai ya miƙo min tasa Glock 19 yace in gwada. Babba ce, nauyinta ya ninka tawa sau biyu, kuma harsashin 9mm take ci wanda yafi nawa ƙarfi, amma da na harba sai naji ta kwanta luf a hannu, biyar na harba duk suka taru wuri ɗaya kamar an zana. Nan jikina yayi sanyi.

Dalilin ba boyayye bane. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindigar baya, in bindigar tana da nauyi sai nauyin ya shanye wani kaso, in kuwa bata da nauyi to hannunka ne zai sha. Ƙaramar fistol ɗin nan Ruger LCP ta farko da ta fito a 2008 nauyinta bai kai giram 300 ba, wato wayar hannu babba da rigarta ta kusa kamo ta. Sannan ga gajartar tazara tsakanin saitin gaba da na baya, ɗan kuskuren da a babbar bindiga ba zai komai ba, a ƙarama sai ya kai harsashin wani wuri daban. Ga kunamar da yawancinsu doguwa ce mai tauri saboda ita ce madadin makullin tsaro, kana ja bakin yana rawa. Ga kuma wani abu da ba a cika gaya wa mutane ba, ƙananan fistol in baka riƙe su da ƙarfi ba suna iya cijewa, kwanson ya maƙale, domin saman da ke ja da baya yana buƙatar hannu tsayayye ya tokara kafin ya cika aikinsa. Kaga kenan duk abin da ya sa ta yi daɗin ɗauka shi ne ya sa ta yi wuyar harbawa.

Ba wai ina kushe ta bane fa. Tana da gurbinta, kuma gurbin babba ne. Mutumin da ya sayi katuwar bindiga ya barta a durowa saboda nauyi ko saboda zafin bazara ya hana shi sa riga biyu, ranar da abu ya faru daidai yake da wanda bai taɓa saya ba. Masu harkar nan suna yawan cewa ƙaramar da ke aljihu tafi babbar da ke gida, kuma gaskiya ne. Abin da nake ja a kai shine a sani ciniki ne ake yi, ka bada sauƙin harbi ka karɓi sauƙin ɗauka, kuma giɓin da ya rage ba abin da ke cike shi sai yawan zuwa fili.

Yanzu maganar harsashi, wadda ita ce mutane suka fi son musu a kai, har sai kaga abokai sun ɓata. Na aljihu dai 'yan kaɗan ne ake yawan ambata. Akwai .22 LR da ya tsufa tun 1887, bashi da tokari kusan sam, ga araha, amma irin ƙirarsa da ake kunna shi ta gefen kwanso tasa yana ƙin tashi fiye da sauran, ka ja kunama kaji ƙyas ba komai, kuma a ranar tsaro wannan ƙyas ɗin ba abin wasa bane. Akwai .25 da .32 waɗanda John Browning ya ƙirƙiro, na .32 a 1899, shi kam har yanzu yana da masoya saboda taushinsa, sai dai samunsa a shago ba kullum ba. Sai .380 wanda shima na Browning ne, ya fito a 1908, shi ne sarkin aljihu a yau. Sai 9mm na Georg Luger da ya zo a farkon shekarun 1900 daga Jamus, sai kuma .38 Special na Smith & Wesson wanda libarba, wato bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, ke ci tun ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da zai baka mamaki, .380 da 9mm faɗin harsashinsu ɗaya ne, bambancin a tsayin kwanso yake, ɗaya milimita 17 ɗaya 19, da kuma yawan albarushi da nauyin dalmar. A ma'aunin nauyin harsashi da ake kira giren, na .380 yawanci 90 zuwa 95 ne, na 9mm kuwa 115 ko 124 ko 147. Milimita biyu kacal amma ƙarfin ba ɗaya ba, na 9mm ya tsere masa nesa. Wani abin haushin kuma, duk da .380 ne ƙarami sau da yawa kwalinsa yafi na 9mm tsada, saboda 9mm shi sojoji da 'yan sanda da kowa ke saya, ana buga shi kamar ƙasa. Wannan lissafi ne da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya yi tun kafin ya ciro kati, domin kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, kuɗin harsashin koyo kuwa kullum ne.

In ana son a gane inda musun nan ya samo asali sai an koma Miami a watan Afrilu na 1986, lokacin da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu, aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin tun da wuri harsashin 9mm ya same shi amma ya tsaya gab da zuciya bai ƙarasa ba, mutumin ya ci gaba da harbi da raunin da daga baya zai iya kashe shi. Daga nan hukumar ta fito da tsarin gwajin harsashi a cikin wani irin daskararren abu mai kama da tsoka, tace wanda zata amince da shi sai ya nutse inci 12 zuwa 18. Suka bar 9mm suka koma 10mm, yayi wa jami'ai da yawa ƙarfi, aka rage shi har aka haifi .40 S&W a 1990, ƙasa duk ta bi. To ka san ƙarshen labarin? Bayan shekaru kusan 25 FBI ɗin da kanta ta dawo kan 9mm, dalilinta kuwa shine ƙirar harsashi ta ci gaba, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka saita da shi, cikin sauri. Wato hukumar da ta fi kowa kuɗin gwaji ta zaga ta zaga ta dawo kan cewa inda harsashi ya sauka yafi girmansa muhimmanci. Ni duk wanda ya zo min da musun girman harsashi wannan labarin nake bashi in ja bakina.

Inda .380 yake da matsala shine a wannan ma'aunin na inci 12 yana tsaye ne a bakin layi. Harsashin tsaro mai rami a baki an yi shi ne ya buɗe in ya shiga, don ya tsaya a jikin wanda aka harba kar ya ratsa ya samu wani bawan Allah a baya. To a gajeren bututu gudun yana raguwa, sai ka samu wani ya buɗe da kyau amma bai yi nisa ba, wani kuma yayi nisa amma bai buɗe ba, musamman in ya bi ta rigar sanyi mai kauri ramin ya cushe da ƙyalle. Shi yasa wasu masu .380 suke zaɓar mai dunƙulallen kai su haƙura da buɗewar, wasu kuma su nemi waɗanda aka ƙera takanas don gajeren bututu. Ni ra'ayina, duk wanda ka zaɓa ka sayi kwali biyu ko uku nasa ka harba a bindigarka ka tabbatar tana haɗiye shi ba gardama, domin ƙananan nan suna da tsirfa, wata zata ci wannan ta ƙi wancan kamar yaro mai zaɓen abinci.

Kasuwar ma ta canza sosai a 'yan shekarun nan. Da can in kace aljihu to yawanci harsashi 6 ko 7 ne, haka Kel-Tec P-3AT ta 2003 take, haka LCP, haka Glock 42 ta 2014. Sai kamfanin SIG suka fito da P365 a 2018, ƙarama mai cin 9mm har guda 10 a magazin, wato gidan harsashin da ake zurawa a ƙota, abin ya girgiza kowa, Springfield suka biyo da Hellcat a 2019 mai 11, Ruger ma suka fito da LCP Max a 2021 mai ɗaukar 10 na .380 kuma nauyinta kusan giram 300 ne kawai. Amma fa a kula, P365 da ire-irenta sun kai rabin kilo tun ba a loda ba, in ka cika ta ka jefa a aljihun wando mara kauri sai wandon ya karkace, tana dukan cinya kana tafiya, kowa ya kalle ka ya san akwai abu. Su a gaskiya na ƙugu ne, sai dai in kai ƙato ne mai manyan aljihuna. Kar mai shago ya ruɗe ka da kalmar ƙarama, ka sa wandon da kake sawa kullum kaje da shi.

Libarba kuwa ina da rauni a kanta, ban ɓoye ba. Irin ƙananan nan na Smith & Wesson da asalinsu ya faro a 1950, ko Ruger LCR ta 2009, harsashi 5 ne na .38 shikenan. Bata da magazin da zai faɗo, bata damu da yadda ka riƙe ta ba, in wani harsashi yaƙi tashi sai ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba. Siffarta ma a aljihu bata cika tona asiri ba saboda bata da kusurwoyi. Amma kunamarta tauri gare ta ba kaɗan ba, sake lodi kuma aiki ne, sannan marasa nauyin nan na alminiyam suna da cizo. Akwai ma waɗanda aka ƙera su ci .357 Magnum mai ƙarfi, wannan kam ni na gwada sau ɗaya na ajiye, ƙara da walƙiya da zafin hannu kamar ka kama wutar lantarki, harbi na biyu ma sai ka nemo inda takardar take.

Wannan ya kawo ni kan ɗan uwan nan da yake son saya wa matarsa. Ya riga ya je wani shago, ba sai na faɗi suna ba, mai sayarwar yana jin ance mace sai ya ciro masa mafi ƙanƙanta a cikin gilashi, mai launin hoda, yace irin wannan mata ke so. Raina ya ɓaci da naji. Nace masa don Allah kar ka saya, ka ɗauko Hajiya mu je filin da ake bada hayar bindigogi ta taɓa da hannunta. Muka je. Ta farko da aka bata, waccan ƙaramar, ko saman ta kasa ja baya, ta dage har yatsunta suka zame, saboda ƙaramar bindiga sifirin ɗinta tauri gare shi kuma wurin kamawa kaɗan ne. Da aka ɗana mata ta harba biyu sai ta ajiye tace ita kam ta yafe. Aka kawo mata Shield EZ ta .380, wadda aka ƙera a 2018 musamman don masu raunin hannu, ta fi girma nesa, bata shiga aljihu, amma ta ja saman da kanta ta loda da kanta ta harbe magazin biyu tana murmushi. Mijin yana ta cewa amma ai wannan ta yi girma, nace Alhaji kai zaka harba ko ita. Bindiga kamar takalmi ce, ba a aiken wani ya gwado maka.

Sai maganar aljihun kansa, wanda nan ne naga ana ganganci mafi muni. Ba a jefa bindiga tsirara a aljihu, ko da wasa. Dole sai da kube na aljihu wanda zai rufe kunamar gaba ɗaya, ya tsayar da ita ƙota sama yadda hannu zai same ta a inda ya barta, ya kuma ɓatar da siffar daga waje ta koma kamar walat. Kuma wannan aljihun ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba canji ba biro ba, domin makulli ɗaya in ya saƙala a kunama an gama. In zaka mayar da ita sai ka ciro kuben waje ka sa ta a ciki sannan ka mayar da su tare, ba ka rinƙa cusa ta kana lalube ba. Wani abu da ni kaina ban zata ba shine datti, bayan wata ɗaya da na warware tawa na tarar da audugar aljihu ta taru a ciki tayi curi, ga gumi ya fara taɓa ƙarfen, tun daga nan duk sati sai na fitar da harsashi na duba na goge. Direban nan kuma na gaya masa gaskiya, aljihun gaba ba nasa bane, mutumin da ke zaune awa goma da bel a ɗaure ba zai iya zura hannu a aljihun wando ba sai ya miƙe, ya gwada a mota da bindigar da ba lodi ya gani da kansa. Abin da aljihu yafi kowane wuri da shi guda ɗaya ne, kana tsaye kana iya sa hannu a kanta ba wanda ya san abin da kake ciki, in abin da ka zarga ya wuce sai ka zare hannunka kowa ya kama gabansa.

Wani ɗan sanda a Salt Lake City mai suna Dennis Tueller ya nuna tun 1983 cewa mai wuƙa da ke nisan ƙafa 21 zai iya cimma ka a cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Ka auna wannan da lokacin da zaka ɗauka kafin ka zaro abu daga aljihun jins. Shi yasa nake cewa idonka da ƙafarka sun riga bindigar aiki, ka hango tun daga nesa ka canza hanya, ka kulle ƙofa, ka bada kuɗin in kuɗi ake so. Na shagon gidan man ma nace masa ya fara tambayar masu wurin, domin kamfanoni da yawa sun hana ma'aikaci ɗaukar makami a bakin aiki, haka manyan kamfanonin hayar mota ta waya, ana kama ka aiki ya tafi.

Doka kuwa Malam Edita ita ce ramin da 'yan uwanmu baƙi suka fi faɗawa. Eh gyara na biyu a kundin tsarin mulkin Amurka tun 1791 ya bada 'yancin riƙe makami, kuma Kotun Ƙoli a 2008 ta tabbatar haƙƙin mutum ne shi kaɗai, a 2022 kuma a shari'ar Bruen tace haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Fiye da rabin jihohi yanzu basa neman lasisi kafin ka ɗauka a ɓoye, Texas ta shiga sahu a 2021, Florida a 2023. Amma wannan bai nufin kowa da ko'ina ba. Dokar tarayya tace sai ka kai shekara 21 kafin dila mai lasisi ya sayar maka da fistol, zaka cike fom 4473 a binciki tarihinka, kuma ƙarya a fom ɗin nan babban laifi ne. Mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, yana iya saya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara a ƙa'ida an hana shi sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, wanda bashi da takardu kuwa ko taɓawa kar yayi, gidan yari ne da kora. Kuma kar wani ya baka kuɗi yace ka saya masa da sunanka, wai taimakon ɗan uwa, wannan taimakon shekaru ake ci a kansa. Sannan lasisin wata jiha ba lallai yayi aiki a wata ba, New York da New Jersey da Kalifoniya basa karɓar na kowa, kuma sun ƙayyade magazin kar ya wuce 10, New Jersey ma har harsashi mai rami ta sa wa takunkumi. Mutum yana tuƙi ya tsallaka gada ɗaya ya tashi daga mai bin doka ya koma mai laifi bai sani ba. Gidan waya, kotu, ginin gwamnatin tarayya, wurin binciken filin jirgi, duk ba a shiga da ita. Ko a jihar da bata neman lasisi ni shawarata ka je kayi ajin ka karɓa, saboda a nan ne za a karanta maka yaushe doka ta yarda ka zaro, kuma amsar a taƙaice ita ce sai ranka ko na wani yana cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni a wannan lokacin, ba don an zage ka ba, ba don an daki motarka ba, ba don ɓarawo yana gudu da kaya ba. Nuna ta kawai don tsoratarwa ma laifi ne a wurare da yawa, kuma mu tun kafin dokar Amurka addininmu ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami.

Akwai kuma abin da ba zan rufe ba tunda mu baƙaƙen fata ne. A watan Yuli na 2016 a Minnesota ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota, mutumin yana da lasisinsa, ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi har lahira, ga budurwarsa a gefe ga ƙaramar yarinya a kujerar baya. Ni tun daga lokacin lasisin tuƙi da takardar inshora basa zama a aljihun wandona in ina mota, suna sama inda ido ke gani. In an tsayar dani gilashi ƙasa, fitilar ciki a kunne, hannu biyu a kan sitiyari, in faɗa a natse cewa ina da lasisi kuma bindigar tana aljihun dama, sannan in tambaya yaya kake so in yi, bana motsi sai an ce. Wasu jihohi dole ne ka sanar, wasu sai an tambaye ka, kowa ya binciki tasa.

Na ƙarshe kuma shi ne yafi tsaya min a rai, gida. Ƙaramar bindiga a idon yaro abin wasa ce sak, kuma yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama da manyan yatsunsa biyu. Wata rana na dawo a gajiye na rataye jaket a bayan kujera na shiga bayi in yi alwala, ina fitowa naga ƙaramar 'yata ta zura hannu a aljihun tana neman alewar da na saba kawo mata. Allah ya taimake ni ranar bindigar tana ɗaya aljihun, amma ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata na zauna a ƙasa. Washegari na sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai lamba na kafe shi kusa da ƙofa, yanzu kafin in cire takalmi bindigar ta riga ta shiga. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna a 2021 mutum sama da dubu 48 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma fiye da rabi kansu suka kashe, ba ɗan fashi bane. Tun 2020 kuma bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, ta wuce hatsarin mota. To in a gidanka akwai mai fama da damuwa, ko matashi da ya shiga wani hali, ko kai da uwargida kuna cikin rikici, ko kai kanka ka san zuciyarka a kusa take, wallahi ka dakata tukuna, barkonon fesawa da tocila mai ƙarfi ba abin kunya bane, ni ma ina ɗauke da su kuma su na fi sa ran amfani da su.

Mutanen nan uku dai ga inda aka kwana. Direban ya ɗauki 9mm ƙarama yana sawa a ƙugu bayan ya bar aikin kamfanin hayar mota ta waya ya koma tuƙa wa kansa, kuma mun yi alƙawarin duk wata sai mun je fili. Na gidan man ya tambaya ance masa an hana, ya haƙura ya sayi barkono. Hajiya kuwa har yanzu bata saya ba, tace sai ta gama ajin lasisi tukuna, mijin yana ta ƙorafin kuɗin haya da na harsashi da ya kashe ranar nan, dala kusan ɗari, nace masa ya kawo rasit ɗin in ajiye masa.

Na gode da fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani mai karatu daga Amurka